Ƙanƙara a tsakiyar zafi: daga ina take, kuma me take yi wa rufi?

  

Maganarmu ta yau ta taso ne daga tambayar wani mai shago a ɗaya daga cikin kasuwannin kan iyaka. Ya ce bara, a farkon damina, an wuni ana zafin da ko akuya ba ta barin inuwa. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, sai ga ƙanƙara kamar ana jifan kwanon shagonsa da tsakuwa. Da ta wuce ya ɗaga kai, bai ga ɓula ko ɗaya ba, ya yi hamdala. Bayan mako uku ya zo sauke buhunan sukari na saman jeri, ya tarar sun sha ruwa sun dunƙule. Tambayarsa biyu ce. Ta yaya ƙanƙara ke saukowa a lokacin da duniya ta fi zafi, alhali a hunturu da muke rawar ɗari ba ma ganinta? Kuma ta ina ruwa ya shiga, tunda kwano bai ɓule ba?

To Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amsar tambayarka ta farko a taƙaice ita ce: zafin ne da kansa ke haifar da ita. Ba don zafin ba, da ba ka ga ƙanƙara ba.

Bari mu bi abin a hankali. Sanyi ba ya nesa da mu ko a watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce digiri 40 a Konni da Maradi da Sakkwato. Yana nan bisa kanmu. Duk kilomita ɗaya da ka hau sama, zafi na raguwa da digiri 6 zuwa 7, kusa da ƙasa ma a ranar zafi ya fi haka. A wannan yanki namu, in ka kai wajen kilomita 5 sama, ka iso inda ruwa ke iya daskarewa. Ka ji fa, kilomita 5. Da akwai hanya miƙe zuwa sama, tafiyar awa ɗaya ce da ƙafa, ba ta kai nisan da kake kora shanu zuwa mashaya a rani ba. Babban hadari kuwa kansa na kaiwa kilomita 15, inda sanyi ke sauka ƙasa da sifili da digiri 60 ko fiye. Wato firjin yana nan a buɗe shekara duka. Abin da ya rage shi ne a samu mai ɗaukar ruwa ya kai shi can.

A hunturu babu mai ɗauka, kuma babu abin ɗauka. Iskar da ke zuwa daga Sahara busasshiya ce, leɓe ma tsagewa yake yi. Amma da bazara ta kai, iska ta juya ta fara shigowa daga kudu maso yamma, daga teku, ɗauke da danshi. Kai makiyayi ka riga kowa sanin wannan, don kana jinta a jikinka da dare, shanu ma suna ɗaga hanci suna fuskantar kudu. Rana ta gasa ƙasa tun safe, ƙasa ta gasa iskar da ke kwance a kanta. Iska mai zafi ba ta da nauyi, sai ta tashi sama kamar hayaƙin murhu. Tana hawa tana hucewa, danshin cikinta ya koma ɗigon ruwa, kamar yadda tururi ke taruwa a murfin tukunya. Gajimare ke nan. Kuma duk lokacin da tururi ya koma ruwa yana sakin zafi, zafin nan ya ƙara ingiza iskar sama. Shi ya sa za ka ga ɗan farin gajimare da azahar, kafin la'asar ya zama dutse tsaye, kansa ya baje kamar uwar maƙera.

A cikin irin wannan hadari akwai abin mamaki guda. Ƙananan ɗigon ruwa ba sa daskarewa da zarar sun wuce sifili. Suna iya zama ruwa har sanyi ya kai kusan digiri 40 ƙasa da sifili, muddin ba su taɓa wani abu ba. Da sun ci karo da ɗan ƙwayar ƙanƙara, nan take su manne su daskare a jikinta. Ka tuna yadda ake mirgina curin fura cikin gari, gari na kamawa yana ƙara kauri. Haka ƙwayar take yawo cikin hadarin tana tara ɗigo, daga girman gero ta koma wake, daga wake ta koma gujiya.

Me ke riƙe da ita a sama ba ta faɗo ba? Iskar nan mai hawa. Ku tambayi mata masu shiƙa: iska na kwashe ƙaiƙayi, tsaba mai nauyi ta faɗo cikin ƙwarya. In iskar ta yi ƙarfi sosai har tsabar sai ta ɗauka. To haka ne a cikin hadari. Gwargwadon ƙarfin iskar da ke hawa, gwargwadon girman ƙanƙarar da za ta iya riƙewa. Kafin a riƙe mai girman ƙwan kaza, sai iskar ta yi gudun mota a kan kwalta, kilomita 70 zuwa 100 a awa, kuma miƙe sama. Sa'ad da nauyi ya fi ƙarfin iskar, ko ƙwayar ta kauce gefe inda iskar ba ta da ƙarfi, sai ta faɗo.

In Allah ya sa ka samu babba, ka sa wuƙa ka raba ta biyu. Za ka ga ɓawo bisa ɓawo kamar albasar Galmi, wani fari fat, wani garau kamar gilashi. Farin ya samu ne inda ɗigon ya daskare da sauri ya rufe iska a ciki. Na garau kuma inda ruwa ya yi yawa, ya malale a jikinta kafin ya daskare a hankali. Wato tarihin yawonta a rubuce yake a cikinta.

Yanzu wani zai ce, to in haka ne me ya sa ba kowane hadari ke zubar da ƙanƙara ba? Gaskiyar magana, kusan kowane babban hadari na damina yana da ƙanƙara a samansa. Hanya ce ke cinye ta. Tana da kilomita 4 zuwa 5 na iska mai ɗumi da za ta ratsa kafin ta taɓa ƙasa, yawanci sai ta narke. Manya-manyan ɗigon nan masu sanyi da ke fara dukan ka kafin ruwa ya kece, da yawansu ƙanƙara ce da ta narke a hanya. Wadda ta iso gare mu, ko dai ta yi girman da hanya ta kasa cinye ta, ko kuma ta samu taimako. Taimakon shi ne busasshiyar iska a tsakiyar sama. Kun san yadda randa ke sanyaya ruwa in busasshiyar iska na kaɗa ta. Haka ruwan da ke faɗowa ta cikin busasshiyar iska yake sanyaya hanyar, ƙanƙara ta bi ta wuce ba ta narke duka ba. Wannan ne ya sa ƙarshen bazara da farkon damina, watan Mayu da Yuni, suka fi zama lokacinta a wurinmu: ƙasa ta yi zafi iyaka, danshi ya shigo ta ƙasa, iskar hamada kuma ba ta gama janyewa daga sama ba. A tsakiyar malka, da sama ta jiƙe gaba ɗaya kuma rana ba ta gasa ƙasa sosai, ruwa ya fi yawa amma ƙanƙara ta fi ƙaranci.

Tudu ma na taimaka mata, don hanyar ta gajarta. Waɗanda suka taɓa kai shanu ko kaya Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, ko Ngaundare a Kamaru, ko tsaunin Mambila, sun san can an fi mu ganinta. A Kenya akwai garin Kericho, ƙasar ganyen shayi mai tsayin wajen mita 2,000, wanda ya yi suna a duniya wajen yawan ranakun ƙanƙara.

Kada kuma wani ya ɗauka abin wasan yara ne, don mun saba ganin yara na tsintar ta a ƙwarya suna tsotsa. Ranar 30 ga Afrilu 1888, a Moradabad ta ƙasar Indiya, ƙanƙara ta kashe mutum 246, ban da dabbobi masu yawa. Ranar 14 ga Afrilu 1986 a Gopalganj ta Bangladesh an auna guda ɗaya mai nauyin fiye da kilo 1, mutum 92 suka rasu. A Amurka, a garin Vivian na jihar Dakota ta Kudu, ranar 23 ga Yuli 2010, an tsinci mai faɗin santimita 20. Ku lura da watannin: duka lokacin zafi ne a waɗannan wurare. Tamu ba ta cika kaiwa nan ba, alhamdu lillahi. Ta fi tsayawa tsakanin wake da goro. Amma goro ma ya isa ɓarna.

Ga dalili, kuma nan ne muka shigo tambayar Alhaji ta biyu. In ƙanƙara ta ninka faɗinta sau biyu, nauyinta ba sau biyu yake ƙaruwa ba, sau takwas ne. Kuma mai nauyi ta fi gudun faɗowa. In ka haɗa nauyin da gudun, dukanta ya kai wajen sau 16. Shi ya sa mai girman wake sai dai ta cika maka kunne, mai girman goro kuma ta bar tabo. Sannan ba ta zuwa ita kaɗai. Iska ce ke koro ta, ta doki rufi a karkace, galibi ta fuskar gabas, inda hadarinmu ke fitowa.

Mu fara da kwano, tunda shi ne rufin shago da sito da rumfunan kasuwa. Lotsawar da kake gani a tsakiyar kwano ita ce mafi sauƙin ɓarnar. Muni ne kawai a ido, aƙalla a farko. Ɓarnar gaske tana wurin ƙusa. Kowace ƙusa rami ce da kafinta ya huda da hannunsa, hular ƙusar da 'yar robar da ke ƙarƙashinta su ne kaɗai suka toshe shi. Rana ta shekara biyu ko uku tana gasa robar nan har ta bushe. Ƙanƙara ta zo ta fasa ta, ta lotsa kwanon kewaye da ƙusar ya zama ɗan kwari, iska kuma ta riƙa ɗaga kwanon tana saukewa har ramin ya faɗaɗa. Daga ƙasa ba ka ganin komai. Amma daga ranar, duk ruwan da aka yi sai ya taru a kwarin nan, ya bi jikin ƙusa, ya bi katako, ya ɗiga can wani wuri nesa da inda ya shigo. Alhaji, ina kyautata zaton ta nan sukarinka ya tafi.

Wuri na biyu shi ne mahaɗa, inda kwano ya hau kan kwano. In duka ya lanƙwasa bakin na sama, ya buɗe 'yar kafa, iska za ta tura ruwa ya hau ciki. Na uku ba ya nuna kansa sai an kwana biyu: farin shafin nan na tutiya da ke hana kwano tsatsa. A tsohon kwano da shafin ya riga ya sirance, duka na ƙarasa shi, ruwa ya zauna a lotsawar, tsatsa ta kama. Damina ɗaya ko biyu sai ka ga ja-ja-ja, daga nan sai ɓula.

Zan faɗi wata magana ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Yawancin kwanon da muke rufa shago da shi ya yi siriri da yawa. Akwai wanda kaurinsa bai kai rubu'in milimita ba, kana iya lanƙwasa bakinsa da yatsa biyu. Mutum zai zuba kayan miliyoyi a shago, na naira ko na sefa, ya je sayen bandir ɗin kwano ya zaɓi mafi araha. Wannan lissafin bai fita ba. In za ka saya, ka tambayi kaurin, ka ɗaga falle ɗaya ka ji nauyinsa a hannu, ka gwada da na wani shagon. Kwanon alminiyom ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, amma ya fi laushi, ya fi saurin lotsawa. Ka kuma tsaya kan kafinta: ƙusa a kan tudun kwano ake buga ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma kada ya yi rowar katako, don kwanon da ke da tazara mai yawa a ƙarƙashinsa shi ya fi jin duka. Su kuma duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi da muke ɗorawa don danne rufi, in iska ta yi ƙarfin gaske tare da su take tafiya, su sauka kan mutum ko kan rufin maƙwabci. Ɗaure katakon rufin da waya a jikin gini ya fi.

Tsohon rufin asbesto ba ya lotsawa, tsagewa yake yi, kuma ƙurarsa na da illa ga huhu, kada a sa yara share fasassunsa a bushe. Farin kwanon roba da ake sawa don haske ya shigo, in rana ta ci shi, wake ma na iya fasa shi. Farantin sola kuwa, mai kyau ana gwada shi ne da ƙanƙara mai faɗin milimita 25, don haka ƙanana ba sa damunsa. Amma in an yi manya, ka duba gilashin, ka kuma lura ko cajin batir ya ragu.

Masu soro, ku ma ba ku tsira ba, naku ma ya fi ban tsoro. Duka na farfasa yaɓen sama, ya bar ƙananan ramuka. Ƙanƙara da ganyen da ta kakkaɓo daga itatuwa su taru su toshe indararo. Ruwa ya rasa hanya, ya kwanta a kan soro, ya shiga ƙasa, ƙasa ta yi nauyi a kan azara. Soro ba ya faɗuwa lokacin da ake ruwan kaɗai, yakan jira dare na biyu ko na uku, mutane na barci. Da an ɗauke ruwa a hau a buɗe indararo, a cike ramukan, kafin damina kuma a sabunta yaɓe da makuba. In ka ga azara ta sunkuyo ko ƙasa na zubowa daga sama, a kwashe yara daga ɗakin a daren nan, ba gobe ba.

Jinka da bukka, abin mamaki, su suka fi jure duka, don ciyawa na da taushi, tana shanye ƙarfin. Sai dai tsohuwar ciyawa na karairayewa ta yi yoyo, iska kuma ita ce babbar abokiyar gabarta. Tamfol da leda da rana ta gasa, waɗanda da yawa suke rufa bukka ko lodin mota da su, ba sa ɗaukar ko minti biyu.

Yanzu gare ka, ɗan'uwa makiyayi, kai da ba ka da rufin da ya wuce malafa. Alamun ba baƙi ba ne a wurinka: hadari dogo mai baƙin gindi, wani lokaci har da ɗan kore-kore, cida ba ƙaƙƙautawa, sai iska mai sanyi ta bugo kwatsam da jar ƙura a gabanta. In ka ga walƙiya ka ƙirga, duk daƙiƙa uku kafin ka ji tsawa kilomita ɗaya ke nan tsakaninku. Abin da zuciya za ta ce maka shi ne ka ruga gindin tsamiya ko kukar nan da ke tsaye ita kaɗai a fili. Kada ka je. Hadarin da ke da ƙarfin yin ƙanƙara shi ne mai yawan aradu, kuma itace ɗaya tilo a fili shi take nema. Garke guda na iya ƙarewa a gindin itace ɗaya. Kada kuma ka sauka cikin korama don ta bushe, ruwan da aka yi can gaba zai iso ka ba sallama. Ka nemi wuri mai ɗan gangare wanda ba hanyar ruwa ba, ka tsuguna ka ba iska baya, ka kare kanka da abin da ke hannu: ƙwarya, tabarma a ninke, buhu, ko bargo. Kai ne abin karewa, jiki zai jure. Yaron da ke bin ka kiwo, shi za ka fara rufewa.

Manyan shanu na juya baya su jure, sai dai firgita, kuma in sun watse kusa da iyaka ko gonakin mutane, kai ka san abin da ke biyo baya. Waɗanda ake asara su ne ƙanana: maruƙan da ke ɗaure a dangwali ba su da halin gudu, 'yan raguna da 'yan awaki, kaji da 'yan zabi. In hadari ya haɗo kana kusa da ruga, a tura su bukka ko ƙarƙashin zana. Bayan ta wuce ma ba a gama ba. Dabbar da ta fito daga rani a rame, ta jiƙe da ruwan ƙanƙara, iska na kaɗa ta, sanyi kaɗai na iya kashe ta kafin safe. A goge ƙananan da buhu, a hura wuta, a duba idanun manya ko akwai wanda ya ji rauni.

Direbobi da masu lodi a hanyar Jibiya zuwa Maradi, ko Illela zuwa Konni, ko Kamba zuwa Gaya, in ta same ku a hanya ku sauka gefe ku tsaya, nesa da itace da gada mai ɗaukar ruwa. Gudun mota na ƙaruwa ne a kan gudun ƙanƙarar, gilashin gaba shi ke biya. Ba ta daɗewa, galibi minti kaɗan ne, kuma siririyar hanya take bi, ta doki ƙauye ɗaya ta bar na kusa da shi.

Kai kuma mai shago, ga aikin washegari. Da rana tsaka ka shiga ka rufe ƙofa da taga, ka ɗaga kai. Duk inda ka ga ɗigon haske kamar tauraro, ka yi masa alama. Sannan a hau sama da safe kafin kwano ya yi zafi, a taka kan layin ƙusa inda katako yake, a bi su ɗaya bayan ɗaya, a fara da fuskar gabas. Wadda ta ɗago a canza ta da mai sabuwar roba, ƙaramin rami a toshe da kwalta, mahaɗar da ta buɗe a danne ta. In kana shakka, ka sa yaro ya zuba bokitin ruwa a sama kai kana ciki kana kallo. Kafin a gama gyaran, sukari da siminti da gishiri da atamfa a janye su daga ƙarƙashin layin ƙusa, a ɗora kan katako, a lulluɓe da leda.

In kuma ta sauka a yankinku bana, ku ɗauki mafi girma ku aza kusa da goro ko akwatin ashana, ku ɗauki hoto da waya kafin ta narke, ku aiko mana da sunan garin da lokacin da ta faɗo. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.